Fayil ɗin da Aka Ce In Ajiye

Litinin, 4 ga wata

Ɗan Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgin. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magani. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ruwan bai ishe ka ba har yanzu. Kana shimfiɗa wa duniya wayar sadarwa a ƙarƙashin teku, kai kuma ba a samunka a waya, sai a rubuto maka a zauna jira.

Saƙonka ya zo. Wurin da ka ce za ka zo wata mai zuwa ka tsaya a kan kabarin Gwaggo, sau uku na karanta shi. Shekara tara ke nan da rasuwarta ba ka taka garin nan ba. Ba zan ce maka komai a kan wannan ba, na ga ka riga ka faɗa wa kanka abin da ya fi nawa zafi.

Ka ce in duba maka lambar kabarin, to a nan matsalar take. Ka san maƙabartar nan ba a rubuta suna a kan kabari, ɗan turken siminti ne kawai da lamba, sunan yana cikin rajista. Ka kuma san rufin ofis ya yi yoyo shekara biyar da suka wuce, ruwa ya cinye littattafan shekaru uku, har da na shekarar Gwaggo. Sunayen waɗannan shekarun babu su a ko'ina sai a kwamfutar ofis, cikin manhajar da ka rubuta wa Baba lokacin kana ɗalibi, mai baƙin allon nan da sai an rubuta mata umarni take motsi. Tun da Baba ya rasu bara na gaji kujerarsa, umarni huɗu na sani a cikinta, su ma daga takardar da ya liƙa a bango nake kwafa.

Makon jiya mai gyara na hukumar gari ya zo ya sabunta kwamfutar. Tun daga ranar, duk abin da na rubuta, layi ɗaya take ba ni: "Girkawa ba ta kammala ba." Baba har ya bar duniya yana kiranta girkin yaron nan. To girkinka ya ƙi nuna. Mai gyaran ya ce shi bai san kanta ba, a nemi wanda ya haɗa ta. Na ce wanda ya haɗa ta yana tsakiyar teku.

Ka gaya mini abin da zan yi, da Hausar da zan gane.

Yayanka

*

Alhamis, 7 ga wata

Yaya,

Na gode da wasiƙarka. Allah ya sawwaƙe gwiwar, ka rage hawa benen nan. Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce mata ruwan ya ishe ni tuntuni. Lafiyata lau. Minti goma kawai aka ba ni kafin layin ya ɗauke, don haka zan taƙaita.

Kada hankalinka ya tashi, sunayen suna nan. Ga yadda abin yake. Manhajar ba ta da ƙwaƙwalwar kanta. Duk lokacin da ta gama wani mataki na girkawa, sai ta rubuta a wani ɗan ƙaramin fayil: na gama kaza, rajista tana wuri kaza, sunaye guda kaza ne a ciki. Duk lokacin da aka tashe ta kuma, wannan fayil ɗin take fara karantawa don ta san inda take. Ni na sa masa suna "inda-aka-tsaya", za ka gan shi a foldar manhajar, bai kai girman wasiƙar nan ba. Sabuntawar da aka yi ce ta canza mata wani abu a ƙarƙashi, shi ya sa take ganin saura mataki ɗaya.

Abu biyu za ka yi. Na farko, kafin ka taɓa komai, ka ajiye fayil ɗin nan da kyau. Na biyu, ka rubuta umarnin gyara, na rubuta maka shi a ƙasa harafi-harafi. Ita da kanta za ta kwafi rajistar gefe kafin ta fara, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Da ta buɗe, ka turo mini lambar. Sau biyu Kawu, babanka, yana cewa in kawo biro in rubuta, ina ce masa ai tana cikin kwamfuta, sai na zo. Na sayi tikiti, Yaya. Wannan karon da gaske ne.

Ƙanenka

*

Asabar, 9 ga wata

Ɗan Gwaggo,

Ina fatan kana lafiya. Inna ta amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take.

Na yi yadda ka ce. Na nemo fayil ɗin, na cire shi daga foldar na sa a filashi, na naɗe filashin a ambulan na kulle a durowar Baba ta ƙasa, makullin yana aljihuna. Ko ɓera bai isa ya taɓa shi ba. Sannan na rubuta umarnin, na duba haruffan sau biyu kafin in danna.

Ta yi aiki, ba ta ma daɗe ba. Ta rubuta mini "Barka da zuwa, ana shirya sabon wuri," layuka suka yi ta gudu, can ta ce an kammala. Na yi hamdala. Na rubuta umarnin neman suna, na sa sunan Gwaggo, ta ce babu. Na sa na Baba, wanda ni da hannuna na shigar bara, ta ce babu. Na tambaye ta jimilla, ta ce sifili.

Ina tsammanin kwafin nan ne da ka ce za ta yi gefe, ban san gefen da ta kai shi ba. Ka gaya mini inda zan duba. Kafin amsarka ta zo ba zan zauna hannu sake ba, domin mutuwa ba ta tsaya jiran kwamfuta ba, jiya ma mutum uku aka kawo. Zan shigar da na wannan watan, in kuma fara kwafo na tsofaffin littattafan da suka tsira, don duk wanda ya zo neman nasa a samu abin nuna masa.

Yayanka

*

Litinin, 18 ga wata

Ɗan Gwaggo,

Lafiya kuwa? Kwana tara babu ko layi ɗaya daga gare ka. Inna ta ce mafarkinka ta yi, na ce mata layin jirgi ne kawai, amma ni kaina ban gamsu da abin da na faɗa ba.

Idan fushi ka yi da maganar shekara taran da na yi, ka faɗa mini kai tsaye. Ni ban iya wannan shirun naku na 'yan boko ba.

Ban huta ba. Matata tana zuwa ofis bayan ta tashi daga aiki, tana karanto mini daga littattafan ina shigarwa. Mun kai suna dubu ɗaya da ɗari biyu. Idona har ruwa yake yi. Amma ranar Laraba wata mata ta zo da 'ya'yanta biyu daga nesa, mijinta yana cikin shekarun nan uku da ruwa ya ci. Na ce ta dawo mako mai zuwa, kwamfuta ce ke ɗan ciwo. Ta ce jibi za su koma. Ta tsaya a bakin tagar ofis tana kallon filin, ta daɗe, sannan ta yi mini godiya ta tafi. Godiyar ce ta fi damuna.

Ka rubuto, ko da kalma biyu ce.

Yayanka

*

Laraba, 20 ga wata

Yaya,

Ka kashe kwamfutar yanzu. Kada ka gama karanta wannan kafin ka kashe ta. Ka zare wayar daga bango, kada ka ƙara shigar da ko suna ɗaya.

Iska ce ta lalata mana na'urar sadarwa, yau da safe wasiƙunka biyu suka shigo tare. Lafiyata lau, ka gaya wa Inna. Ba fushi na yi ba.

Wa ya ce ka cire shi? Cewa na yi ka ajiye shi, wato ka yi kwafinsa ka riƙe, shi kuma ka bar shi a inda yake. Da ta tashi ba ta gan shi ba, sai ta ɗauka sabuwar kwamfuta ce da ba a taɓa girka ta a kai ba. Babu kwafin da ta yi, domin a saninta babu rajistar da za a kwafa. Share wurin ta yi ta shimfiɗa sabuwar rajista a kan tsohuwar.

Ko bayan haka da sauran dama. Abin da aka share a kwamfuta ba nan take yake ɓacewa ba, yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Kwana goma sha ɗaya kana rubutawa a kansa, Yaya. Suna dubu ɗaya da ɗari biyu.

Ka ɗauki kwamfutar gaba ɗayanta ka kai wa wanda ya iya tono abin da aka share, ba mai gyaran hukuma ba. Ka nuna masa wannan wasiƙar.

Ƙanenka

*

Talata, 26 ga wata

Ɗan Gwaggo,

Na gode wa Allah da kake lafiya. Inna ta kwantar da hankalinta. Ni nawa bai kwanta ba.

Ka tambaye ni wa ya ce in cire shi. Kai ka ce. Shekarata hamsin da ɗaya ina jin Hausa, ban taɓa jin an ce wa mutum ya ajiye abu da kyau ya bar shi a inda ya same shi ba. Idan Baba ya ce in ajiye makullin ƙofar maƙabarta, ɗauke shi nake yi daga kan tebur in sa a durowa. Idan Gwaggo ta miƙo mini takardar asibitinta ta ce ajiye mini, ba sake rubuta ta nake yi in mayar mata da tata ba. Ku ne kuka ɗauki kalmar kuka ba ta wata ma'ana a wurin aikinku, ba ku aiko mana da labari ba. Na ce ka yi mini Hausar da zan gane, ka yi mini wadda na ɗauka na gane.

Wannan na faɗa ne don kada ya zauna mini a ciki. Ba ya nufin na wanke kaina. Na ga ta rubuta "sabon wuri" da idona, raina ya ɗan sosu, na ce yaron nan ya fi ni sani. Da ta ce sifili ma, da na kashe ta na jira ka. Son a ce ina aiki ne ya sa na zauna ina binne su a karo na biyu, matata tana taya ni.

Na kai kwamfutar wurin wani mai shago a bayan kasuwar wayoyi. Kwana huɗu tana hannunsa. Abin da ya tono ya buga mini a takarda shafi biyu: rabin suna nan, lamba can ba suna, kwanan wata ba kowa a gabansa. Cikakku guda goma sha tara ne. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo ba ta ciki. Sauran shekarun za mu kwafo daga littattafai. Na shekarun nan uku, mutum ɗari uku da goma sha biyu, sun tafi.

Na sa shi ya buɗe mini fayil ɗin da na ajiye, don in ga abin da na kulle a durowa. Layi shida ne. Ya ce an gama mataki na ɗaya zuwa na biyar, rajista tana wuri kaza, sunaye dubu huɗu da tamanin da shida. Shi har yanzu a saninsa kowa yana nan.

Jiya na tsaya gaban kwamitin maƙabarta na faɗi abin da ya faru. Ban ambaci sunanka ba. Sun bar ni a kujerar, ina jin don babu mai son ta ne. Na liƙa sanarwa a ƙofa, duk wanda ya san lambar mamacinsa na waɗannan shekarun ya zo ya faɗa.

Yayanka

*

Jumma'a, 29 ga wata

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da matarka. Ka ba matarka haƙuri a madadina, wahalar da ta sha ba ta cancanci abin da na rubuta ba. Kai ma ka yi haƙuri. Na sake karanta wasiƙata ta ranar bakwai ga wata. Da ni aka aiko wa ita ban san aikin ba, abin da ka yi zan yi.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Laifin ya girmi wasiƙar da shekara goma sha biyu. Ranar da nake rubuta wannan ɓangaren, a ɗakin zaurenku nake zaune, kwamfutar tana kan cinyata. Na zo wurin da zan yanke abin da manhajar za ta yi idan ba ta ga fayil ɗin ba. Abin da ya kamata shi ne ta tsaya, ta leƙa ko akwai rajista, ta tambayi mutum. Layi biyar ne kawai. Na ce wa zai taɓa cire shi, na rubuta mata ta share ta fara sabo, na ce zan gyara in na dawo hutu na gaba. Kwamitin ya kamata su ji sunana. Ka faɗa musu, ko in faɗa da bakina.

Ba na iya cin abinci sosai. Ina fita aiki in dawo, ina ta lissafin mutum ɗari uku da goma sha biyu, amma gaskiya mutum ɗaya nake gani.

Kai kana wurin ranar, kai ka shiga ramin ka karɓe ta. Ba ka tuna ko kusa da me take ba? In ba ka tuna ba, ina roƙonka abu ɗaya, kada ka yi mini faɗa. Ka zaɓi ɗaya a wajen da kake zato, ka kai ni ka ce nan ne. Ba zan tambaye ka ba. Na yi alkawari ba zan taɓa tambayarka ba.

Ƙanenka

*

Lahadi, 8 ga sabon wata

Ɗan Gwaggo,

Kowa lafiya. Matata ta ce babu komai, ka ci abinci. Na jinkirta amsa ne don ban so in rubuto maka hannu wofi.

Ni na karɓe ta, gaskiya ne. Amma a lokacin layinta shi ne na ƙarshe, bayansa fili ne da ciyawa. Yanzu layi ashirin da uku ne a bayansa. Na je na tsaya na rufe ido na buɗe, wallahi ban gane ba. Rannan ba ƙasa nake kallo ba.

Ga abin da na iya yi. A nan bi da bi ake binnewa, lamba tana bin rana. Mutum arba'in da ɗaya sun amsa sanarwar zuwa yanzu, wasu da lambar a bayan hoto, wani tsoho a cikin murfin agogonsa. A cikinsu akwai wanda aka binne mahaifinsa kwana huɗu kafin Gwaggo, lamba 2,206. Akwai wadda aka binne ɗanta kwana uku bayanta, lamba 2,218. Na ɗauki tsohon mai haƙa, wanda ya yi aiki da Baba tun kafin a haife ka, muka auna tsakaninsu. Kabari goma sha ɗaya ne, a layi ɗaya, daga wajen famfo zuwa inda hanyar ta lanƙwasa. Gwaggo tana cikinsu. Wannan zan iya rantse maka a kai.

Mai haƙan da ya ji labarinka ya ce in bar shi da kai, zai nuna maka na tsakiya, ya ce ya sha yi wa mutane haka suna tafiya da sanyin zuciya. Na ce a'a. Kai ma a'a nake ce maka, ba kuma faɗa ba ne. Idan na nuna maka 2,212, gobe wata ta zo da lambar a rubuce ta ce na mijinta ne, me zan ce mata, me zan ce maka? Kuma na san ka. Alkawarin da ka yi za ka cika, ba za ka tambaye ni ba, amma duk ranar da muka haɗa ido za ka nema a fuskata. Na riga na ɓatar maka da ita sau ɗaya. Ba zan ba ka uwar wani in ce taka ce ba.

Mai yiwuwa wasu su ƙara zuwa, sha ɗayan su ragu. Mai yiwuwa kuma iyakarta ke nan. Idan ka ga ba za ka iya zuwa a haka ba, ka faɗa mini, ni zan san abin da zan gaya wa Inna.

Yayanka

*

Talata, 10 ga wata

Yaya,

Na gode. Ka gaishe da mutanen gida, ka gaishe da mai haƙa, ka ce na ji niyyarsa.

Ban soke tikitin ba. Jirginmu zai shiga tasha ranar sha bakwai, zan iso ranar sha tara da rana. Kada ka zo tarya da wannan gwiwar, na san hanya. Ka sa ni a cikin zaman kwamiti na gaba. Na rubuta layi biyar ɗin, suna cikin jakata, ko da yake na san babu wanda za su dawo da shi.

Shekara tara ina shirya abin da zan ce mata, bai fi jimla uku ba. Ka kai ni bakin layin kawai ka koma ofis. Zan fara daga 2,207, in faɗa a kan kowanne har in kai ƙarshe. Goman su yi haƙuri su ji.

Ƙanenka